Afuwa ga tsofaffin sojoji: wa ke da ikon yafe jinin?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai wata magana da ta tsaya min a rai, ina so manya su sa baki. A 2023 majalisar Birtaniya ta yi doka kan rikicin Ailan ta Arewa, wanda aka kwashe kusan shekara talatin ana yi kafin yarjejeniyar 1998, aka rasa rai fiye da 3,500. Dokar ta ce wanda ake zargi da kisa a lokacin, soja ne ko ɗan tawaye, in ya je gaban wata hukuma ya faɗi abin da ya sani, ba za a gurfanar da shi ba. Iyalan mamata suka ce ba su san zancen ba. A Fabrairun 2024 babbar kotun Belfast ta ce wannan kariya ta saɓa wa haƙƙin ɗan Adam, gwamnatin da ta hau daga baya kuma ta ce za ta soke ta. A Peru ma an sa hannu a irin wannan doka a Agustan 2025, aka yafe wa sojoji da 'yan sandan yaƙin 1980 zuwa 2000. To da a ce nan aka kawo ta, za ku yarda?

Alhaji Sabo Kwari: Wa alaikumus salam. Auwalu kai da ɗauko dogon zance ko kasuwa ba a buɗe ba. Mu nan me za mu yi da doka? Wa ka taɓa ji an kama balle a yafe masa?

Baba Saje: Ɗana Auwalu, ni zan yarda, kuma zan faɗa maka dalili. Na yi Laberiya, na yi Saliyo. Ina Firitawun a watan Janairun 1999 lokacin da 'yan tawaye suka shigo gari, suka tuso mata da yara a gaba su suna bayansu da bindiga. Wanda ke kwance a ɗakinsa yana latsa waya ba zai san abin da ake nufi da hakan ba. Ba ka da minti guda na shawara. Ka harba, ka kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Ka ƙi harbawa, a kwashe gawarka da ta abokanka. Sannan bayan shekara arba'in ko hamsin wani lauya da ba a haife shi ba a lokacin ya tsare ka da tambaya: ƙarfe nawa ne, taku nawa ne tsakaninku, harsashi na nawa ne ya same shi. Ni yau ko abin da na ci shekaranjiya sai na yi tunani.

Can Birtaniyar da kake magana, akwai tsohon soja Dennis Hutchings. Shekararsa 80, ana yi masa wankin ƙoda, aka kai shi Belfast gaban alƙali a 2021 kan harbin da aka yi a 1974. Ana cikin shari'ar ya mutu. Su kuwa 'yan tawayen da ke kurkuku, bayan yarjejeniyar 1998 cikin shekara biyu aka sallame su.

Nan gida ma haka ne. Marigayi 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Dalta afuwa a 2009, aka yanka musu alawus na naira 65,000 a wata. Tubabbun Boko Haram ana kai su Malam Sidi a Gombe, a koya musu sana'a a mayar da su gida. Ban ce kada a yi ba. Amma wanda ya harbe mu a yafe masa, mu da gwamnati ta ba mu kaki ta ce ku je, mu ne za mu ƙare a kotu da sanda a hannu?

Ummi: Wallahi Baba ka sa jikina ya yi sanyi.

Barista Hadiza: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba wanda zai raina abin da kuka gani, kuma sojan da ya yi harbi a tsakiyar artabu ba shi ake nema ba, doka ma ta san da uzurinsa. Amma tunda ka kawo Hutchings, a faɗi ɗaya ɓangaren. Wanda aka kashe sunansa John Pat Cunningham, ɗan shekara 27, mai raunin ƙwaƙwalwa, mai tsoron masu kaki. Ba shi da makami. Gudu yake a cikin gona aka same shi ta baya. Shi ma yana da dangi, su ma sun tsufa suna jira.

Sai maganar daɗewa, wadda ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu son afuwa. Wa ya jawo daɗewar? Ranar 30 ga Janairun 1972 sojojin Birtaniya suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a garin Deri na Ailan ta Arewa, mutum 13 suka mutu nan take. A shekarar aka yi bincike cikin gaggawa aka wanke sojojin. Sai a 2010, bayan shekara 38, wani sabon bincike ya ce waɗanda aka harba ba su yi wa kowa barazana ba, firaministan Birtaniya na lokacin David Cameron ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Soja ɗaya tal aka iya kaiwa kotu, wanda ake ɓoye sunansa ana ce masa Soja F, kuma a Oktoban 2025 alƙali ya sallame shi, domin shaidar da aka dogara da ita tsohuwar takarda ce ta abokan aikinsa, ɗaya ya mutu, ɗaya ya ƙi magana. Gwamnati ce ta danne maganar tun tana ɗanya har shaidu suka ƙare, sannan ita ce ta dawo tana cewa abin ya daɗe, a bar tsofaffi su huta. Wannan ne iyalan suka ƙi haɗiyewa.

Baba Saje: 'Yata, kin ga kenan an sallame shi. To wahalar da aka ba tsoho ta mece ce?

Barista Hadiza: An sallame shi don hujja ba ta kai ba, Baba, kuma haka ya kamata kotu ta yi. Amma a gaban jama'a aka yi, aka karanta sunayen mamatan, alƙalin da kansa ya ce sojojin da suka yi harbin sun zubar da tarbiyyar aikinsu. Da dokar afuwa ce ta yi aiki, ko wannan ba za a samu ba.

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Ni tambayar da nake ganin an tsallake ita ce: afuwar ta wace ce? A shari'armu jinin wanda aka kashe haƙƙin waliyyansa ne. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta shimfiɗa ƙisasi, sannan ta ce wanda aka yi masa rangwame daga ɗan'uwansa, a bi da kyautatawa a biya da kyautatawa. Rangwamen daga wajen ma'abota jini yake fitowa. Sarki ba ya yafe shi a madadinsu, alƙali ba ya yafe shi. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ko waliyyai sun yafe kisan ganganci, mai kisan yana shan bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, don al'umma ma tana da nata haƙƙin. To ina ga a ce wanda ya aiki mai kisan, ya ba shi bindigar, shi ne zai zauna ya rubuta cewa an yafe? Wanda ake ƙara ya zama shi ne mai yafiya?

Alhaji Sabo Kwari: Allah ya gafarta Malam, to Fathu Makka fa? Ai afuwa ce ta kowa da kowa. Har Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza an bar shi.

Malam Habibu: Madalla da wannan tambaya, Alhaji. Waɗanda Annabi (SAW) ya yafe wa ranar buɗe Makka abokan gaba ne da suka yaƙe shi, suka kore shi daga garinsu. Shi aka zalunta, shi ya yafe, Hamza kuma baffansa ne. Abin da ya yi daidai da zancenmu shi ne abin da ya faru jim kaɗan bayan nan, da ya aiki Khalid bin Walid wajen Banu Jazima. Mutanen ba su iya furta cewa sun musulunta yadda aka saba ba, Khalid ya kashe wasu, ya ba da umarnin a kashe kamammu. Abdullahi bin Umar ya ce wallahi ba zai kashe nasa ba, mutanensa ma ba za su kashe ba. Da labari ya iso, Annabi (SAW) ya ɗaga hannu ya ce ya Allah ina barranta zuwa gare ka daga abin da Khalid ya aikata, har sau biyu. Yana cikin Bukhari. Malaman sira suka ƙara da cewa ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar kowa, ya biya asarar kayansu har ƙwaryar da kare ke sha a ciki.

Baba Saje: Yauwa Malam! Amma an kashe Khalid? An tuɓe shi? Ai ya ci gaba da jan runduna.

Malam Habibu: Ba a kashe shi ba, Baba, gaskiyarka. Malamai suka ce don kuskuren fahimta ne ya yi, ba son zuciya ba. Amma duba abin da aka yi kafin a kai nan. An kira waɗanda suka halarta an ji ta bakinsu. Shugaba ya ambaci sunan kwamandansa a bainar jama'a ya ce wannan aiki ba daidai ba ne. An san ko su wa aka kashe, an je har gidajensu an biya. Wanda ya ƙi bin umarnin kuma ba a ce ya yi tawaye ba. In za a yi mana wannan, ni ma zan sa hannu a sassauta wa soja. Abin da ake kira afuwa a yanzu tsallake duk waɗannan ne a dira kan "ba a kashe Khalid ba".

Malam Bala: Bari ɗan tarihi ya sa baki, ko da yake abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba. Alhaji Sabo ya yi wasa da farko amma gaskiya ya faɗa. Ƙasar nan afuwa take yi tun 1966, ba tare da an rubuta ba. Ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da sauransu. Ironsi ya tsare waɗanda suka yi, bai gurfanar da su ba. Wannan shirun na cikin manyan abubuwan da suka tunzura sojojin Arewa suka yi nasu a watan Yuli. Ranar 1 ga Oktoban shekarar, a garin nan na Kano, sojojin bataliya ta biyar suka ɓalle, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo a filin jirgi da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. A Oktoban 1967 aka tara maza a Asaba aka harbe ɗaruruwa, bayan runduna ta biyu ta shiga garin. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 Gowon ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, aka rufe littafi. Ana yabonsa a kan haka, ni ma ina ganin ya hana ramuwar gayya a lokacin. Amma je ka karanta abin da yaran da aka haifa bayan 2000 ke rubuta wa juna a Facebook, namu da nasu. Kowa da lissafin gawarwakinsa, ba wanda ya san na ɗaya ɓangaren, domin ba a taɓa zama an tantance ba.

Alhaji Sabo Kwari: Malam Bala a yi hattara. Runduna ta biyu ai ta Murtala ce. Kada a zo ana taɓa mana mutum yana kabarinsa.

Malam Bala: Shi ne kwamandanta, Alhaji, wannan ba ɓoyayye ba ne. Wa ya ba da oda a ranar, ba kotun da ta taɓa zama a kai. Ka ga illar kenan. Da an bincika, in ba shi da hannu da an wanke shi da hujja. Da ba a yi ba, zargin na nan yana yawo, kai kana jin haushi, mutanen Asaba suna jin haushi.

Auwalu: Ba a yi kwamitin Oputa ba a zamanin Obasanjo? Ina jin iyayenmu suna cewa har a talabijin ake nunawa.

Malam Bala: An yi, an kafa shi a 1999 don binciken tauye haƙƙin ɗan Adam, ya miƙa rahoto a 2002. Ya kira Buhari da Babangida da Abdulsalami, ba wanda ya je. Aka garzaya kotu kan ikon kwamitin, gwamnati ta fake da hukuncin ta ƙi fitar da rahoton a hukumance. Ƙungiyoyi ne suka sake shi da kansu daga baya.

Anti Rabi: Ban so yin magana ba, amma na kasa. Bayan harin Boko Haram na 20 ga Janairun 2012 kowa ya san halin da garin nan ya shiga. Mu ma mun yi kuka da mutanen da aka kashe ranar, akwai maƙwabcinmu a ciki. Bayan wasu watanni, da asuba, wasu masu kaki suka zagaye layinmu suka kwashe samari, har da ƙanena. Gyaran waya yake yi, aurensa ko shekara bai rufa ba. Wasu sun dawo, shi bai dawo ba. Ba inda ba mu je ba. Nan a ce ba ya hannunsu, can a ce mu dawo jibi.

Ni ban san wanda ya tafi da shi ba balle in ce a ɗaure shi. Ban ma ce lallai ƙanena ba shi da laifi ba, Allah ne masani, amma in yana da shi ai kotu aka gina don haka. Hajiyarmu har yau ba ta yarda a ce marigayi ba. Ba a yi masa sallah ba, ba a raba gadonsa ba. Matarsa ta zauna shekaru ba ita ba aure ba ita ba takaba, sai da alƙali ya shiga maganar. Yarinyar da aka haifa bayan tafiyarsa yanzu ta zama budurwa. To Baba Saje, don girman Allah, in an yi dokar nan, me aka yafe? Mu ba a ce mana an yi komai ba. A fara gaya mana yana ina. In ya mutu a nuna mana ramin. Bayan nan a tambaye mu, wataƙila mu yafe, Hajiya mai yafiya ce. Amma a tambaye mu.

Ummi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti Allah ya bayyana shi.

Malam Habibu: Allah ya ba ku haƙuri, Hajiya Rabi, ya saka muku. Abin da alƙalin ya bi shi ne hukuncin wanda ya ɓace: a Malikiyya matar takan jira shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara aka yi cigiya, sannan ta yi idda. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an tabbatar da mutuwa ko an kai shekarun da ba a zaton tsaransa na raye. Kun ga shiru ɗaya ya daskarar da aure da gado da maraicin yarinya.

Baba Saje: Rabi 'yata, ba ni da bakin ba ki amsa. Allah ya isar muku. Wanda ya ɗauki yaro daga ɗakin matarsa ya ɓatar da shi ba yaƙi ya yi ba, kuma ba shi nake karewa ba.

Amma ku ji tsorona. Duk ranar da aka ce za a hukunta, ku rubuta ku ajiye, kofur da kurtu za a kamo. Soja ba ya fita bariki da mota da mai da harsashi sai da sa hannun wani. Akwai littafin da ake rubuta wa ya fita, wa ya ba da oda, harsashi nawa aka ɗiba nawa aka dawo da su. Wannan littafin ba a hannun kofur yake ba. Ku tuna 2014, yaran da suka yi bore da waɗanda suka ce ba za su shiga daji ba kayan aiki ba. Cikin 'yan watanni kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, ta ƙara da 54, sai daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara goma. Ita kuwa shari'ar kuɗin makaman, dala biliyan 2.1, shekara nawa aka yi ana ɗage ta? In na ƙasa ne, kotu gudu take yi.

Barista Hadiza: A nan kam muna tare, Baba, ɗari bisa ɗari. Kuma doka ta san da alhakin kwamanda: wanda ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba bai hukunta ba, shi ma yana ciki. Ajantina ta gwada hanyar da kake so. A 1986 da 1987 suka yi dokoki biyu kan laifukan zamanin mulkin soja, ɗaya ta rufe ƙofar sababbin ƙararraki, ɗaya ta ce na ƙasa oda suka bi. A 1990 shugaba Menem ya yafe wa manyan ma, har da Janar Videla, tsohon shugaban mulkin soja. Iyaye mata na waɗanda aka ɓatar ba su daina zagaye dandalin fadar gwamnati duk Alhamis ba. A 2003 majalisa ta soke dokokin, a 2005 kotun ƙoli ta tabbatar, Videla a kurkuku ya mutu a 2013. Afuwar da aka yi ba da yardar masu jini ba ba ta ba sojan ma kwanciyar hankali ba, jinkiri kawai ta saya masa, shari'ar ta same shi ya fi tsufa.

Kuma ko majalisarmu ta yi irin wannan doka, Najeriya ta shiga yarjejeniyar kotun duniya ta Hague tun 2001. A Disambar 2020 Fatou Bensouda, mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da jami'an tsaronmu duka sun aikata laifukan da kotun ke da hurumi a kai. Dokar Abuja ba ta ɗaure hannun waccan kotun.

Ummi: Anti Barista, Afirka ta Kudu fa? A makaranta an ce mana su sun yi nasara.

Barista Hadiza: Sun fi kowa ƙoƙari, Ummi. A can ba a yi wa kowa afuwa a dunƙule ba. Kai za ka nema da sunanka, ka zauna a gaban jama'a da iyalan wanda ka kashe, ka faɗi komai, lauyansu ya yi maka tambayoyi. Fiye da mutum 7,000 suka nema, waɗanda aka ba ba su kai 900 ba. 'Yan sandan da ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata Steve Biko ya mutu a hannunsu an hana su. Inda suka gaza shi ne bayan nan: mafi yawan waɗanda aka hana ba a gurfanar da su ba, diyyar da aka ba waɗanda aka zalunta kuma rand 30,000 ce sau ɗaya.

Alhaji Sabo Kwari: Ni fa ɗan kasuwa ne, a biya diyya a wuce wurin. Ba an biya mutanen Odi ba?

Malam Bala: Garin Odi na jihar Bayelsa sojoji suka rusa shi a Nuwamban 1999. Kotun tarayya a Fatakwal ta ce a biya naira biliyan 37.6 a 2013, aka daidaita a kan biliyan 15. Zaki Biyam sojoji sun yi kisa a 2001, sai a 2007 shugaban sojan ƙasa ya je Binuwai ya ba da haƙuri. Kuɗi ya fita daga baitulmali, wato daga aljihunka Alhaji, amma ba mu ji sunan wanda ya ba da oda a gaban alƙali ba. Zariya a Disambar 2015, rikicin sojoji da 'yan Shi'a, jami'in gwamnatin Kaduna da bakinsa ya gaya wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Kwamitin ya ce a hukunta masu hannu.

Alhaji Sabo Kwari: Su ma ai hanya suka tare wa shugaban soja.

Malam Habibu: Alhaji, ka san ni da su ba mu haɗa aƙida ba, a kan mumbari ma na faɗa. Kwamitin ma ya ɗora musu nasu laifin. Amma tare hanya hukuncinsa ba kisa ba ne a kowane littafi, kuma akwai mata da ƙananan yara a ramin nan. Ranar da muka yarda a binne mutum ba lissafi don ba ma son ƙungiyarsa, mun ba da lasisin a yi wa kowa. Mutanen Tudun Biri mauludi suke yi a Disambar 2023 jirgi marar matuƙi ya sakar musu bam, hukuma da kanta ta ƙirga 85.

Baba Saje: Tudun Biri kuskure ne, Malam, kuma soja sun amsa cewa su ne. Kada a haɗa.

Malam Habibu: Na yarda, ban haɗa su a hukunci ba. Kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara. Kuma amsawar da suka yi ita ce ta sa aka iya zuwa ta'aziyya aka kalli mutanen a ido. Ita muke nema a sauran.

Auwalu: To Baba, a ce an kafa irin ta Afirka ta Kudu a nan, tsofaffin sojoji za su fito su yi magana?

Baba Saje: Wanda ke cikin kaki ba zai buɗe baki ba, kada ma ku yaudari kanku. Mu da muka ajiye, da yawa za su yi. Kuna zaton barci muke yi? Akwai abokina da har ya rasu ba ya iya zama inda ake yanka rago. Amma da sharaɗi. A rubuta kariyar a doka, kada a ce ka faɗa sannan a kama ka da bakinka. Kada a taɓa fanshon mutum. Kuma a fara kiran masu tauraro a kafaɗa kafin a zo kan masu igiya a hannu. In oga ya ƙi zuwa kamar yadda aka ƙi zuwa gaban Oputa, ni ma ba inda za ni.

Barista Hadiza: Sharaɗinka na farko shi ne kusan abin da dokar Birtaniya ta bayar, Baba. Abin da ya kashe ta, mutum zai ba da labarinsa iya abin da ya ce ya sani, hukuma ta ba shi kariya, iyalan mamaci ba su da ta cewa. Shi ya sa jam'iyyun Ailan ta Arewa, waɗanda ba sa haɗuwa a kan komai, suka haɗu a kan ƙin ta, gwamnatin Ailan kuma ta kai Birtaniya ƙara kotun Turai.

Baba Saje: To a zaunar da irin su Rabi a kan teburin. In na yi ƙarya su ce ƙarya ne.

Alhaji Sabo Kwari: Wace majalisar ce za ta yi wannan dokar? Wadda rabin manyanta tsofaffin masu kaki ne ko abokan cin mushensu?

Barista Hadiza: Wannan kuma sai a tambayi waɗanda muka zaɓa. Anti Rabi, kafin zancen ya nutse: ƙofarku ba ta rufe ba. Ƙa'idojin ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ce daɗewar lokaci ba ta kashe irin wannan ƙara, kuma dangi na iya shigar da ita a madadin wanda ya ɓace, a babbar kotun jiha ko ta tarayya nan Kano. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ma tana da ofis a garin nan, ba a biyan kuɗin kai koke. Ba zan ɓoye miki ba, ko an ci shari'a karɓar diyya daga asusun gwamnati sai da amincewar antoni janar, a nan abubuwa da yawa ke maƙalewa. Amma kotu na iya tilasta a zo a yi bayani a rubuce. Abin da za a nema: ranar da abin ya faru, hotonsa, duk takardar da kuka taɓa kaiwa wani wuri, da mutum biyu cikin samarin da aka tafi da su tare suka dawo, in za su yarda su yi rantsuwa.

Anti Rabi: Na gode Barista, Allah ya saka da alheri. Takardun suna wajen Yaya Babba, shi ya yi ta zirga-zirgar a lokacin, sai na shawarce shi tukuna. Cikin samarin ɗaya ya koma Legas, ɗaya yana nan Kurna amma ban san ko zai yarda ba, tun da ya dawo ba ya son a tayar da zancen. Zan kira ki bayan la'asar in kina ofis.